Kofin Bayan Ƙofa

Ƙarfe biyar daidai Papi, mahaifina, ya yanka lemun tsamin. Ba ya duba agogo. Da rana ta sauko ta taɓa barandar gidan Fermin da ke tsallaken titi, ya san lokaci ya yi. Ya murza lemon a kan tebur har ya yi laushi, ya raba shi biyu, ya matse rabi cikin gwangwanin azurfarsa da yatsu uku kacal, don a ganinsa mai matsewa da dukan hannu ɗacin ɓawo yake ɗura wa mutane. Ya zuba sukari ƙaramin cokali ɗaya, ba tozo. Ya yi ta juyawa har ya daina jin ƙarar sukarin a gindin gwangwani. Sannan ya miƙa hannu inda kwalbar giyar rake ta saba zama shekara da shekaru, hannun ya tarar da wurin wayam.

Ina tsaye a bakin ƙofar kicin, na harɗe hannuwa a ƙirji kamar yadda nake yi wa ɗalibaina ranar jarrabawa.

"Ruwa, Papi," na ce. "Ga shi nan a gabanka."

Bai kalle ni ba. Ya ɗauki ɗan ma'auninsa na ƙarfe, ya cika shi da ruwan tulu sau biyu, a tsanake, sai ka ce ruwan ma yana da daraja. Ya fasa ƙanƙara a cikin tsumma, ya zuba, ya rufe gwangwanin, ya ɗaga shi saitin kafaɗa ya fara kaɗawa. Wannan ƙarar da ita na girma. Duk unguwar Tivoli ta san ta, har yaran layinmu sukan ce Evelio ya buga ƙarfe biyar.

Ya tace cikin kofi mai doguwar ƙafa, ya ɗora a faranti da 'yar ƙyalle a ƙarƙashi, ya kai wa Mami, mahaifiyata, a kujerarta mai lilo. Jiya-jiya muka dawo da ita daga asibiti. Idanunta rawaya ne har yanzu, cikinta ya yi tulu a kan siraran ƙafafu. Ta karɓa da hannu biyu saboda rawar da suke yi, ta kurɓa, ta tsaya.

"Evelio."

"Na'am, tsohuwa."

"Ruwan wanke-wanke ka fara sayarwa a tsufanka?"

"Daikiri ne, Migdalia. Na masu jinya."

"To kai wa masu jinyar." Ta ajiye kofin a ƙasa, ta juya fuska wajen taga, inda ake hango bakin teku ta tsakanin rufin gidaje.

* * *

Shekara talatin da takwas mahaifina ya yi a bayan kantar wani otal da ke bakin dandalin tsakiyar Santiago, yana haɗa wa baƙi abin sha, kuma ko sau ɗaya giya ba ta taɓa wuce leɓensa ba. Mahaifinsa mashayi ne, a bakin kwata aka tsince shi, shi ya sa. Da hanci yake ɗanɗanawa. Ya kan shinshina gwangwani ya ce lemon nan an tsinke shi da wuri, kuma haka ɗin ne. Mutum ne marar magana. Abin da ke ransa a hannunsa yake fitowa.

Mami kuwa tela ce, mai baki kamar almakashinta. Rabin amaren Tivoli ita ta ɗinka musu kayan biki, ta kuma faɗa wa kowacce aibin angonta kyauta.

Mu biyu suka haifa, ni Odalis da ƙanena Reinier. A watan Agustan 1994, yana ɗan shekara goma sha tara, Reinier da abokansa huɗu suka ɗaure tayoyin mota da katako suka shiga teku, wai za su tsallaka inda ake samun abinci. Da la'asar ya fita daga gida, ya ce wa Mami zai je ya dawo. Ba su isa ba, ba su dawo ba, teku kuma ba ta ba mu ko takalminsa ba.

Daga nan kullum ƙarfe biyar sai Mami ta bar keken ɗinki ta tsaya a taga, ba ta kuka, ba ta magana, har duhu ya shiga. Papi ya yi wata guda yana kallon bayanta. Bai san me zai ce ba, don haka ya yi abin da ya iya. Ya haɗa mata daikiri guda ɗaya, giyar rake da lemo da sukari, ya kai mata a faranti. Ta sha, ta zauna, a daren nan ta yi barci. Na tuna har godiya na yi masa.

Ɗaya ya zama biyu. Biyu ya zama uku idan ana zafi, kuma a Santiago yaushe ne ba a zafi? Daga baya ta daina jiran ƙarfe biyar, ta koyi zuba wa kanta ba lemo ba sukari. Shekara goma sha bakwai muna cikin wannan, amma ba wanda ya taɓa kiran abin da sunansa. Mashaya ai su ne waɗancan da ke zube a ƙofar Fermin, suna shan abin da yake dafawa a bayan gida, wanda ake kira tartsatsin jirgi, a robar ruwa da aka yanke wa kai. Uwata a kofi mai ƙafa take sha, da 'yar ƙyalle a ƙarƙashi. Idan ta yi tuntuɓe a matakala, maƙwabta su ce jiri ne. Idan ta ɗinka hannun riga a baibai, mu ce ido ne. Ni da bakina na sha faɗa wa mutane cewa hawan jini ke damunta. Ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, na san abin da giya ke yi wa hanta tun kafin in san abin da so ke yi wa mutum, amma na yi shiru, domin shirun ya fi sauƙi.

Ranar da ta yi aman jini a kan yadin wata amarya ne shirun ya ƙare.

Likitar, wata doguwar mace mai suna Duvergel, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ja ni da Papi gefe a barandar asibiti.

"Hantar ta kusa gamawa, amma ba ta gama ba," ta ce. "Jijiyoyin maƙogwaronta sun kumbura, ɗaya ce ta fashe. In ta yi wata shida ba ta sha ba, ina da abin da zan iya yi mata. In ta sha, wata za ta fashe, kuma ba lallai ku iso nan da ita ba. Malama, kin ji ni? Baba, da kai nake. Ba rabin kofi ba, ba na biki ba. Ko ɗigo."

Papi ya gyaɗa kai yana kallon hannuwansa.

* * *

Kafin a sallame ta na share gidan. Kwalba goma sha ɗaya na zaƙulo: a aljihun keken ɗinki, a cikin garwar shinkafa, a tankin bayan gida, har cikin takalmin ruwan Reinier da ta hana a taɓa. Na haɗa da turarenta da ruwan goge allura, don su ma akwai giya a cikinsu. Na fito bakin titi na riƙa tuttulawa a kwata ɗaya bayan ɗaya, mutanen ƙofar Fermin suna kallo kamar ana binne ɗan'uwansu.

"Malama, ki ji tsoron Allah," in ji wani mai ido ɗaya da ake kira Chucho. "Kwata me ta yi miki da za ki fifita ta a kaina? Ga bakina nan a buɗe, shi ma kwatar ne."

Suka kwashe da dariya. Fermin bai yi ba. Ya jingina da ƙofarsa yana sakace, yana kallona kamar mai cewa ina nan, ba inda za ni.

Na ɗauki kwalbar ƙarshe, ta kicin, sai Papi ya riƙe wuyanta.

"Wannan ta Elegwa ce."

Elegwa, waliyyin gida, yana bayan ƙofar gidanmu tun kafin a haife ni, gadon kakata ne: dunƙulen dutse mai idanun wuri, zaune a cikin kasko. Shi ke tsaron ƙofa, shi ke buɗe hanya ya rufe. Kowace Litinin ana kunna masa kyandir, a ajiye masa alewa, a ba shi giyarsa. A sauran gidaje guntsa ake yi a baki a fesa masa. Amma Papi ba ya sa giya a bakinsa, Mami kuma tun tafiyar Reinier ta daina kula dutsen, don haka a gidanmu a ɗan kofin gilashi ake zuba masa, a ajiye a gabansa. Kofin kan yi mako yana nan, ranar Lahadi Papi ya kai ragowar mararraba ya zubar.

"Yanzu ne za mu hana shi, 'yata?" Papi ya ce. "Yanzu da muke roƙon ya rufe wa mutuwa ƙofa?"

Ban yarda da dutse ba, amma ban taɓa raina shi a fili ba. Ba wanda ke yin haka a Tivoli, har shugabannin jam'iyya masu cewa ba ruwansu da addini. Kuma ko a mafarki ban kawo cewa wani zai taɓa abin da aka ajiye wa waliyyi ba. Ɓarawo ma yakan shiga gida ya kwashe komai ya bar wannan kusurwar. Sai na ce to, amma kwalbar a ɗakina za ta zauna, cikin akwati, makullin a wuyana, kuma ni zan riƙa zubawa. Ya ce hakan ya yi.

Makon farko bayan dawowarta ban taɓa ganin irinsa ba. Jikinta ya yi ta karkarwa har gadon na ƙara. Ta ce kyankyasai na fitowa daga bango. Ta zage ni zagin da ban san ta iya ba.

"Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, me kika sani? Gandiroba kawai. Da ke teku ta ɗauka ta bar mini ɗana."

Na shanye. Na shiga bayan gida na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ba ta romo a cokali, ta tofar. Kullum ƙarfe biyar Papi na kaɗa mata ruwa da lemo, kullum kofin na komawa kicin yadda ya zo.

Ranar Litinin ta biyu na zuba wa Elegwa nasa kafin in tafi makaranta. Da safiyar Talata Papi ya kira ni bayan ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Kofin a bushe yake ƙaf.

"Ya karɓa," ya ce. "Tunda nake ban taɓa ganin ya shanye a kwana ɗaya ba. Ki ƙara masa."

"Papi, yau Talata."

"Mai roƙo ba ya duba rana, Odalis. Ma'auni ɗaya. Kada ki wuce."

Na buɗe baki zan yi maganar zafi da yadda giya ke bin iska, sai na ji Mami daga ɗaki tana cewa wai babu mai ba mutum burodi a gidan nan ne? Kwana tara rabonta da neman abinci. Na je na buɗe akwati.

Daga ranar gidanmu ya canza. Rawar hannun ta ragu. Ta fara barci, ta fara cin shinkafa da wake, ta koma tsokanar Papi, har ruwan lemonsa ta fara shanyewa tana yamutsa fuska tana cewa mutumin da ya haɗa wa jakadu abin sha ya dawo mai sayar da ruwan sanyi. Wata rana na dawo na ji ƙarar keken ɗinki tun daga matakala. Na tsaya a wurin na jingina da bango, farin ciki ya hana ni hawa.

Kullum da safe ina zuba ma'auni ɗaya, kullum kofin na wayar gari a bushe. Bayan wata guda Papi ya ce a riƙa yi safe da yamma, tunda ana ganin amfani, in kwalba ta ƙare a sayo wata. Na yi. Har na fara ce wa dutsen ina kwana. Ni, mai digiri, mai koya wa yara cewa ba abin da ke ɓacewa sai dai ya sauya wuri. Ba wai ban iya tambayar ba ne. Ina tsoron amsar ne, kuma uwata tana dariya.

* * *

A wata na uku, wata Laraba, aka ɗauke ruwa a makaranta aka sallame mu kafin azahar. Na hau matakala a hankali saboda zafi. Ƙofarmu a sakaye take. Na tura, ta ƙi buɗuwa sosai, kamar akwai abu a baya. Na leƙa.

Mami ce a durƙushe a gaban kaskon, cikinta na taɓa cinyoyinta, hannu ɗaya dafe da bango. Ta riga ta shanye. Tana zagaya cikin kofin da ɗan yatsa tana tsotsewa, kamar yarinya da kwanon zuma. Ta ɗago ta gan ni. Ban ga kunya a fuskarta ba, gajiya kawai na gani.

"Ɗaga ni," ta ce. "Gwiwar nan ba ta da mutunci."

Na ɗaga ta. Ba ta fi nauyin buhun gawayi rabi ba.

"Mami, na waliyyi ne fa." Abin da ya fito daga bakina ke nan, duk cikin abubuwan da zan iya faɗa.

"Na waliyyi." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Shi ne mai ƙofa, ko? Ta gabansa yaron ya wuce da jakarsa. Yana zaune da idanunsa na wuri, bai ce uffan ba. Ya buɗe wa ɗana hanya, ni kuma zai hana ni kofi ɗaya? Ya yi magana mana in ji."

Na zaunar da ita a kujera na wuce tsakar gida. Papi na can ƙarƙashin bishiyar lemonsa yana tsince busassun ganye. Na faɗa masa abin da na gani, ina neman yadda zan sassauta masa, don na ɗauka zuciyarsa za ta karye. Ya ci gaba da tsince ganyensa.

"Papi, ka ji ni kuwa?"

"Shekara talatin da takwas ina awo, 'yata. Na san abin da zafi ke sha a kofi a yini guda. Faɗin farce ne, ba ya wucewa."

Sai da na dafa bishiyar.

"Ka sani."

"Ranar Asabar ta makon farko, kina kasuwa, na shiga wanka. Na fito ba ta nan. A ƙofar bayan Fermin na same ta, da rigar barci, ba takalmi, tana miƙa masa zoben aurenmu. Kin san abin da yake dafawa. Shi ya cinye idon Chucho." Ya juyo ya kalle ni, karo na farko. "Na dawo da ita, ranar Litinin na ga ta gano kofin nan da kanta. Sai na ce, in dai sai ta sha, gara mai tsabta, gara a aune. Na ɗauka in ni na auna ba zai kashe ta ba."

"Likita ta ce ko ɗigo."

"Likita ba ta kwana a gidan nan."

"To me ya sa ni? Me ya sa ka bar ni ina zubawa da hannuna, ina gaida dutse kamar wata sakarya?"

"Makullin a wuyanki yake." Ya murza wani ganye har ya zama gari. "Kuma shekara goma sha bakwai ni kaɗai nake miƙa mata. Na gaji da zama ni kaɗai."

Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayin wani kamar haka ba. Na shiga ɗaki, na buɗe akwati, na fito da kwalbar na juye ta a gindin bishiyar a gabansa. Na je bayan ƙofa na kife kofin.

"Daga yau ko waliyyi ruwa zai sha," na ce.

"Odalis," ya ce a hankali, "ba ki san abin da kike buɗewa ba."

"Rufewa nake yi."

* * *

Kwana huɗu na yi ban je makaranta ba. Karkarwar ta dawo, kyankyasan suka dawo, zagin ya dawo. Ta roƙe ni da sunan da take kirana ina ƙarama, ta sumbaci hannuna, da na ƙi ta cije shi. Papi bai sa baki ba. Ƙarfe biyar ya kaɗa ruwansa da lemo, ta watsa masa a riga.

Ranar Litinin ɗalibaina na da jarrabawa, dole na fita. Na ba Papi makulli na ce ya kulle ƙofa, kada ya motsa. Wajen ƙarfe goma ta yi luf, ta ce masa tana marmarin burodi mai zafi, ta ce tsoho, ka tuna wanda kake kawo mini muna saurayi da budurwa? Ya ɗauki katin rabon abinci ya tafi layin gidan burodi, ya kulle ƙofar da kyau. Ya manta cewa tela ba ta rasa abin buɗe ƙofa.

A matakala ya same ta da ya dawo, zaune, robar Fermin a gefenta, gaban rigarta jina-jina. Wani maƙwabci ya sa ta a tsohuwar motarsa. Aka aiko a kira ni daga aji. Kafin in isa an ja mata mayafi.

Likita Duvergel ta fito tana cire safar hannu. Ta dube ni, ta dubi Papi da burodinsa har yanzu a hammata.

"Ta sha?" ta ce.

Ta jira kaɗan, ta gyaɗa kai, ta wuce wajen majinyaci na gaba.

Har yau ban san wanne ya kashe ta ba, wata ukun da na yi ina zubawa ko kwana huɗun da na hana. Na juya lissafin ta kowace fuska, kowane lokaci hannuna na ciki.

Bayan jana'iza gidan ya cika. Mata suka yi ta yabon ɗinkinta. Wata ta ce ciwon hanta ai a danginsu yake, wata ta ce baƙin cikin ɗa ne, ba wani abu ba. Mace mai aji, in ji su, ba a taɓa ganinta a inda bai dace ba. Fermin ma ya zo, da farar riga, da sabuwar kwalba ta kanti a hannu, ba irin tasa ba. Ya buɗe ta a tsakiyar falo, ya ɗiga na farko a ƙasa kamar yadda ake yi wa waɗanda suka riga mu.

"Na Migdalia," ya ce.

"Na Migdalia," kowa ya amsa. Na kalli ɗigon yana bin tsagar siminti zuwa ƙafar kujerarta. Ina so in yi ihu in faɗi sunan abin, sau ɗaya dai, a gaban kowa. Sai wata ta miƙo mini kofi ta ce in riƙe mata, na riƙe.

* * *

Da mutane suka watse, rabin kwalbar Fermin ya rage a kicin, a daidai wurin da tsohuwar kwalbar ke zama. Ban zubar ba. Ban ga wanda zan kare ba kuma. Ranar Litinin na tarar Papi ya daidaita kofin bayan ƙofa ya cika shi da kansa. Kullum in zan fita sai na leƙa. Ranar Lahadi yana nan, ya ragu kaɗan daga baki, wani ƙuda ya faɗa ciki ya mutu.

Mako biyu gidan ba ƙarar komai. Ba ma magana sai ta abinci. Papi ya rame, yana zama a tsakar gida hannuwansa a kan gwiwa kamar kayan da aka ba shi ajiya.

Ran nan ina zaune a falo da takardun jarrabawa a cinya, ban duba ko ɗaya ba, rana ta sauko ta taɓa barandar Fermin. Na ji wuƙa a kan katako. Na ji cokali na zagaya gindin gwangwani. Na ji an zare murfin kwalba, an zuba sau biyu. Sannan ƙanƙara, sannan ƙarar nan.

Ya fito da faranti, da 'yar ƙyalle, ya nufi kujera mai lilo. Sai da ya isa gabanta ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Kofin ya yi raɓa, fari-fari da ɗan kore, sanyinsa na tashi.

"Minti uku yake yi," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Bayan nan ya zama ruwa."

Faranti ya fara rawa a hannunsa, hannun da ban taɓa ganin ya yi rawa ba. Na tashi don in karɓa kada ya faɗi, abin da na faɗa wa kaina ke nan. Kujerar ce mafi kusa, na zauna. Daga nan ana hango teku sosai, ban taɓa lura ba.

Na kurɓa. Tsami ya fara zuwa, zaƙi ya biyo shi, sannan wani ɗumi ya sauka a ƙirjina ya kwance wani ƙulli da ya yi mako biyu a wurin. Da ma a ce ba daɗi. Wallahi da ma a ce ba daɗi.

"Sukarin ya yi?" Papi ya tambaya.

"Ya yi."

Ya karɓi kofin da babu komai a ciki, ya goge raɓar farantin da ƙyallen. Fuskarsa ta ɗan saki, karo na farko tun asibiti.

"Lemon nan bai gama nuna ba," ya ce yana komawa kicin. "Na gobe zai fi."